Hukuncin hayar kuɗi don neman bizar karatu a Ingila

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Jekadafari ne a nan Gombe. Na yi digirin farko na injiniyan gine-gine a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu kan sarrafa ruwa da yaƙi da zaizayar ƙasa. Na sayar da fulotina na biya kafin alƙalami. Abin da ya rage shi ne takardar banki da ofishin biza ke nema mai nuna ina da kuɗin makaranta da na zama, ni kuwa ba ni da ko rabin kuɗin. Wani ejan ya ce zai zuba su a asusuna su yi kwana 28, in ciro takarda, ya kwashe abinsa, in ba shi kashi 4 cikin ɗari. Ya ce ba kuɗin ruwa ba ne, la'ada ce, tunda ko sisi ba zan taɓa ba. Ga kuma Baba ya kafe cewa zama a ƙasar kafirai haramun ne. Ina da mata da 'ya ɗaya. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, tafiyar da mahaifinka ke tsoro halas ce in ta cika sharuɗɗanta. Yarjejeniyar ejan ɗin nan kuwa, wadda kake ɗauka ƙaramar hidima ce, ita ce haramun ɗin.

Bari mu fara da maganar Baba, don ba daga iska ya tsinto ta ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya barranta daga duk Musulmin da ke zaune a tsakiyar mushirikai. Malaman hadisi sun yi saɓani kan isnadinsa: Tirmizi ya naƙalto daga Buhari cewa mursali ne, wato babu sahabin a cikin jerin masu ruwayarsa, wasu na baya kuma sun inganta shi. Mu ɗauka ya inganta. Mafi yawan malamai sun ɗora shi a kan wanda ba zai iya bayyana addininsa ba, domin Annabi (SAW) da kansa ya tura sahabbai Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, kuma Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, alhali Madina ta daɗe da zama gidan Musulunci.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai tsanani a wannan babi, ba zan ɓoye maka ba. Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 386 bayan hijira, ya faɗa a Risala cewa makaruhi ne fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da ƙasar Sudan. Sudan ɗin da yake nufi ƙasashen baƙar fata ne na kudu da Sahara, tun kafin Musulunci ya kafu a cikinsu. Yau wane malami ne zai ce makaruhi ne Balarabe ya zo fatauci Kano ko Gombe? Hukuncin yana rataye ne da dalilinsa, wato tsoron a tilasta wa mutum dokokin kafirci ko ya jefa kansa cikin halaka. In dalilin ya kau, hukuncin ya bi shi.

Shi ya sa malaman zamaninmu, cikinsu har da Shaihu Ibnu Usaimin, suka gindaya sharaɗi uku: mutum ya kasance da ilimin da zai kore shubuha, da addinin da zai hana shi bin sha'awa, kuma akwai buƙatar tafiyar. Na ukun bai yi maka wuya ba. Duk wanda ya ga yadda kwari ke cin gidaje a cikin garin Gombe kowace damina ya san ilimin da kake nema farilla ce ta kifaya a kanmu. Koyo daga wanda ba Musulmi ba kuma ba laifi ba ne, fursunonin Badar ma sun fanshi kansu da koya wa 'ya'yan Ansaru rubutu. Sai dai kar ka je wa Baba da "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne", wannan bai inganta ba. Ka tuna masa dai cewa mutumin da jami'arka ke ɗauke da sunansa ya tafi Landan karatun malanta a 1945, ya dawo da sallarsa. Ka samo malamin da yake jin maganarsa su zauna, kar ka tsallake shi ka tafi yana fushi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dokar Birtaniya tana so ɗalibi ya nuna ragowar kuɗin makaranta, da kuɗin ci da kwana da ya haura fam 1,000 a kowane wata har wata 9, kuma kuɗin su zauna a asusu kwana 28 a jere. Ejan ya ce abin da zai karɓa la'ada ce. To, la'adar me? Mai la'ada aiki yake yi, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ko ya cika maka takardu. Wannan kuwa kuɗi ya sa a asusunka, da sunanka, a kan lamuninka. In banki ya riƙe su ko ɓarayin intanet suka kwashe, wuyanka zai kama. Kuɗin da aka ba ka bisa sharaɗin ka mayar da kwatankwacinsu sunansu rance a shari'a, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Ƙarin da ya sharɗanta kuma yana hawa ne gwargwadon yawan kuɗin, wanda ke nuna ba ladan wahalarsa ba ne. Lafazin "duk rancen da ya jawo amfani riba ne" bai inganta a matsayin hadisi ba, amma Ibnul Munzir ya naƙalto ijma'i a kan ma'anarsa idan an sharɗanta ƙarin. Kar ka ce ai shi ne mai ci: Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba, da mai ba da ita, da marubucinta, da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke.

Da a ce ejan ɗin zai yafe ladarsa gaba ɗaya, da har yanzu da saura, domin takardar za ta faɗi ƙarya ne. Za ta shaida wa ofishin biza kana da abin da ba ka da shi, kai kuma ka sa hannu a kan haka. Na sha jin samari na cewa ai Turawa ne, su ma sun cuce mu. Wannan ba fiƙihu ba ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, bai ware wa kowa ba. Biza alkawarin aminci ce tsakaninka da mutanen ƙasar, farkon Suratul Ma'ida kuma umarni ne da cika alkawura. Dubi Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa sun tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka isa gab da Badar, Musulmi na neman ko mutum ɗaya, amma Annabi (SAW) ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito shi. Waɗannan fa maƙiya ne da takubba a zare.

Larura ma ba ta shigo nan ba. Larurar da ke halatta haram ita ce wadda rai ko gaɓa za su salwanta, rashin digiri na biyu kuwa bai taɓa kashe kowa ba. Sannan ka dubi ƙarshen abin, kayan aro ba ya rufe katara. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, wanda da ƙyar zai biya haya da abinci, balle ragowar kuɗin makaranta. Daga nan sai ka fara satar awoyi, ko ka karɓi aikin miƙa giya don shi ya samu. Bayan an saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a shekarar an dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Ingila saboda sun kasa biya. Waɗannan da yawansu da kuɗinsu na gaske suka tafi.

Idan kawunka ko wani mai hali ya ba ka kyauta, ko rance ba ƙari, kuɗin suka zama naka da gaske, kana iya kashe su a can, wannan ya halatta, ka kuma faɗi gaskiyar tushensu in an tambaye ka. Idan kuwa zai sa ne don a gani ya janye, an tsira daga riba amma ba a tsira daga yaudara ba.

Abin da nake ba ka shawara, ka rubuta wa jami'ar ka nemi ta ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka tambayi ƙa'idarsu kan kafin alƙalamin da ka biya. A tsakani ka nemi tallafin karatu na Chevening ko na Commonwealth, ko na PTDF, wato asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur. Na Chevening yana da sharaɗin ka dawo gida aƙalla shekara 2, kuma in ka sa hannu cika shi wajibi ne. Ka leƙa Malesiya da Turkiyya da Saudiyya, inda ma hankalin Baba zai fi kwanciya. Digiri na biyu a Zariya ko Kano ko Bauchi ma ba abin rainawa ba ne.

Sai haƙƙin iyalinka. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darasi zuwa da iyali, sai masu na bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan shekara guda za ka bar matarka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a riƙe mayaƙa nesa da matansu fiye da wata 6, don haka sai da yardarta, ka kuma bar mata ci da sha da wurin zama tabbatattu, ba ka jingina ta ga abin da za ka turo ba. In Allah ya sa ka tafi, sallarka cikakkiya za ka yi daga ranar da ka sauka, domin a wajen Malikiyya niyyar zaman kwana 4 tana yanke ƙasaru.

Wallahu a'alamu.