Gilashin ƙofar tsohuwar akori-kura ba a yanka shi daga na wata mota

Kai yaro, wai tambayarka ita ce tunda gilashin ƙofar tsohuwar akori-kurar nan ya fashe kuma babu shi a kasuwa, me zai hana mu samo babba na wata mota mu yanke shi daidai? Shekara nawa kana tsaye a bayana amma har yau baka san gilashin gefe gasasshe bane? A kamfani sai an gama yanka shi tukuna a gasa shi da zafi sama da digiri 600 na Celsius sannan a huce shi da iska nan take, daga nan ya gama karɓar gyara, ka ɗora masa abin yanka ko giranda ya tarwatse ya zama tsakuwa. Gilashin gaban mota ne mai ɓawo biyu da roba a tsakani, shi yasa yake tsagewa bai zube ba.

Tambayar nan taka ta tayar min da wani miki. Wani mutum ya taɓa kawo min Datsun 620, irin wadda aka ƙera daga 1972 zuwa 1979, ya zo da gilashinsa a hannu nannaɗe cikin bargo yana rantsuwa wai daga irin motar aka ciro shi. Ina ɗora tef na ga ya ɗara faɗi da kamar milimita 3, kusurwar sama ma ba ɗaya ba. Na ce masa wannan ba nata bane. Ya ce in ɗan goge bakin, na ce ba a gogewa, ya ce to in saka haka nan in wani abu ya faru a wuyansa, kuma a gaban yarana biyu ya faɗa wallahi. Na sassauta hanyar da gilashin ke bi, ya shiga amma a matse, ana juya hannun ɗagawa kana jin yana kuka. Kwana biyu tsakani ya buga ƙofa da ƙarfi gilashi ya zube. Sai gashi da mutane uku a gareji yana ɗaga murya wai na fasa masa orijinal, maganar a wuyansa kuwa ya ce shi bai taɓa yi ba, yaran nawa da suka ji da kunnensu suka sunkuyar da kai kamar an ɗinke musu baki. Wata uku na yi ina bin wuraren da ake farfasa tsofaffin motoci kafin na samu na gaskiya, da kuɗin aljihuna na saya, na saka masa, ya shiga mota ya tafi ko kuɗin aiki bai bani ba balle sannu. Har yau in na ga 620 a hanya sai raina ya ɓaci. Tun daga ranar gilashin da mai mota ya kawo in bai yi daidai da awona ba, ko ya yi kuka bana taɓawa.

To ga abun yi. Ka ɗora rula a kan na ɗaya ƙofar da bai fashe ba. In ta kwanta lif babu rata, shimfiɗaɗɗe ne, ka huta, yawancin na shekarun 1950 haka suke. Ka fitar da zanensa a kwali ka kai wa masu gilashin mota su yanko daga mai ɓawo biyu su goge bakin sumul, kaurin ya zo ɗaya da tsohon. Kada in ji ka saka gilashin tagar gida, wannan in ya fashe wuƙa ne. In kuwa akwai lanƙwasa, kamar akori-kurar Chevrolet daga 1973, sai dai nasa, ko a ciro daga gawar irin motar ko sabon ƙira, don na tsofaffin Ford da Chevrolet har yanzu ana buga su. Da lambar shasi ake nema, kuma ka faɗi hagu ne ko dama, mai lanƙwasa baya musanyuwa. Ka duba tambarin kusurwa, AS2 ko harafin E cikin da'ira da 43R, alamun da ke nuna gilashin ya cika ƙa'idar mota, in babu ko ɗaya bana yarda da shi.

Ku yaran yanzu hoto kawai kuke gani a waya ku tura kuɗi, ba mai son ya durƙusa ya auna, shi yasa kullum kuna cikin mayar da kaya. Cire marfin ƙofa kuma ba zan tsaya koya maka ba. Jeka ka kwashe ɓaraguzan da suka taru a cikin ƙofar tas, ƙarfen nan da gindin gilashi ke zama a ciki kada ka yar, ya fi gilashin wuyar samu, ka kawo min shi tare da robobin in gani ko sun ci.