Amsa ga mai tambaya kan burbushin kek

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da hantsi, sai yanzu da yara suka tafi islamiyya na samu zama. Kin ce kin yi kek na sunan ƙanwar maigidanki, wajen cirewa daga gwangwani kusan rabi ya farfashe, ga roba cike da burbushi, kina tambaya ko akwai abin da za a yi da shi ko dai a watsa wa kaji. Don Allah kar ki watsa. Fulawa ce da ƙwai da bota da sukari a cikin robar nan, kuma duk mai wannan sana'a ta san yadda kayan nan suka koma tun daga 2023 da aka cire tallafin mai.

Ni a wani ƙauye nake kusa da Wudil, shekarata 9 ina yin kek da cincin da dubulan na gara da na suna. Ba ni da oben. A tukunya nake gashi, yashi a ƙasa, garwashi ƙasa da sama, kuma mai gashi a haka ba ta rabuwa da fasasshen kek, don wutar gawayi ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, burbushi ba fulawa ba ne. Ya riga ya ga wuta sau ɗaya. Ƙwan da ke cikinsa ya dahu, ba zai sake riƙe komai ba. Bakin hodar da kika sa ta gama aikinta, ba za ta sake tashi ba. Amma sukari da maiƙo suna nan yadda kika zuba su. Farkon da na gwada, na ɗauke shi kamar fulawa, na zuba sukari cikakke irin na sabon kwaɓi. Kafin cikin ya gasu bayansa ya yi baƙi, wanda ya tsira kuma zaƙi ya hana a ci. Ranar na yi asarar ƙwai biyu da bota a kan asarar farko, abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka duk abin da za ki yi da shi, ki rage sukari sosai, ki nemo masa abin da zai riƙe shi, kuma ki sassauta wuta.

Kafin komai ki zauna ki tsince shi. Gindin da ya ƙone ki kankare ki zubar, ɗan kaɗan ɗinsa yana gauraye kwaɓi duka da ɗaci. Wanda ya dawo daga farantin baƙi, wanda hannu ko baki ya taɓa, wannan shi ne rabon kaji. In akwai wanda aka shafa wa kirim ya kwana a zafi, shi ma ki cire. Sai ki shinshina, ki duba da kyau a haske. In kin ga ko ɗigon hunhuna ne, fari ko kore, ki haƙura da robar gaba ɗaya. Kek abu ne mai laushi da huhu a ciki, hunhuna tana ratsa shi fiye da inda ido ke gani, kuma sake gasawa ba ya wanke ta. Wannan kam ba na sassauci a kansa, don yara ne za su ci.

Sai busarwa, wadda ita ce rabin aikin. Ki baza shi a faranti mai faɗi, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, iska kaɗai za ta gama miki. Da damina kar ki jira rana, ki zuba a busasshen kasko kan garwashin da ya fara mutuwa, kina juyawa har ki ji yana ƙara kamar garin kwaki. Na taɓa ƙulle ɗanyensa a leda cikin watan Agusta, na ce sai na dawo daga kasuwar Juma'a, kwana uku na buɗe na tarar ya yi hunhuna. In ya bushe ya huce, ki murje shi a rariya, manyan ki ɗan daka a turmi, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Amma ko busasshen ba na barinsa ya wuce sati biyu, don maiƙon ciki yana sauya wari.

Biskit shi ne abin da ya fi karɓar burbushi, kuma shi na fi yi. Da gwangwanin madarar Peak nake awo. Burbushi gwangwani 4, fulawa gwangwani 2, bota rabin leda ta giram 250, ƙwai 1, sukari rabin gwangwani ko ƙasa da haka, bakin hoda rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan tsunkule. Ki buga bota da sukari, ki fasa ƙwai, sannan ki zuba busassun. Kar ki murza shi kamar kwaɓin cincin, ki dai tattara shi ya haɗe. In ya ƙi haɗuwa, madara cokali ɗaya ko biyu. Fulawar nan kar ki ce za ki tsallake ta don tattali, ita ce ƙashin bayan biskit ɗin. Da burbushi zalla za ki samu abin da ke wargajewa tun a hannu.

Ki rufe kwaɓin ki ajiye a gindin randa kamar rabin awa ya ɗan yi ƙarfi, sannan ki murza da kwalba, kaurinsa kar ya kai ɗan yatsa, ki yanka da bakin gwangwani ko murfin kwalba. A tukunyar yashi ina ɗora faranti a kan duwatsu uku ƙanana don kar ya zauna kan yashin kai tsaye, garwashin sama ya fi na ƙasa yawa. Minti 15 zuwa 20. Mai oben ta sa zafi digiri 170, ta fara leƙawa daga minti 12. Da kin ga gefe ya yi ja ki sauke, ko da tsakiyar na da taushi, sai ya huce yake ƙarfi. Masu jira ya yi ƙarfi a wuta su ke ƙonawa.

Wani abu kuma, kek da aka gasa sau biyu ƙamshinsa yana dusashewa, filebon farko ya gudu. Ni garin citta nake sawa da ɗan kirfa, wani lokaci soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Na citta shi dattawan gidanmu suka fi nema da shayin safe, surukata har ajiye nata take a kwano ta rufe.

In ba kya son sake hura wuta, akwai dunƙule. A waya za ki ga ana kwaɓa burbushi da kirim ɗin bota a tsoma a narkakken cakulan a soka tsinke. Yana da kyau a ido, amma wannan na mai firji ne da wutar da ba ta yankewa. A nan, a zafin Afrilu, kafin yarinya ta kai shi bakin makaranta ya zama kunu. Abin da ya yi mini shi ne dabino. Ki cire ƙwallon, ki jiƙa a ruwan zafi kaɗan, ki tsane, ki daka ya yi laushi. Burbushi gwangwani 3, dakakken dabino gwangwani 1, markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa wadda ba a matse manta ba cokali 3. Ba sukari ko kaɗan. Ki mulmula ƙanana kamar goriba ta yara, ko ƙasa da haka, ki birgima su a soyayyar kwakwa ko riɗi. Da azumi nakan yi shi don buɗa-baki, kuma sau da yawa shi ake fara cinyewa kafin ƙosai. Kwana biyu ne iyakarsa tunda dabinon ya sha ruwa, kar ki yi da yawa.

Akwai kuma na turare, irin yadda ake alala. Burbushi gwangwani 2, madarar da aka dama gwangwani 2, ƙwai 2, ki bar shi ya jiƙa minti 10, ki zuba a gwangwanaye da kika shafa wa mai, ki turara har tsinke ya fito ba danshi. Wannan na ci ne a ranar, ba na sayarwa ba, ba na kwana ba. Masu ƙananan yara da tsofaffin da haƙori ya ƙare za su gode miki.

Cincin ma ana yi, amma ban cika so ba. In za ki yi, kashi ɗaya burbushi, kashi uku fulawa, kuma ki soya shi a ƙarshe, don yana zubar da gari a mai ya baƙanta shi, kuma yana yin ja tun bai soyu ba.

In sayarwa za ki yi, ki faɗa wa mai saye abin da ke ciki. Ni matan unguwarmu duk sun san biskit ɗina na ragowar kek ne, suna ma tambaya ko an yi biki a satin. Kar kuma ki cusa shi cikin kayan garar da aka biya ki kuɗin sabo, wannan amana ce.

Batun farfashewar kuma, tunda kin ce kusan rabi ne, ina zargin ɗayan uku: ko kin cire da zafinsa, ko ba ki shafe gwangwanin da bota kin barbaɗa fulawa ba, ko bakin hoda ta yi yawa. Ki riƙa barinsa minti 10 bayan saukewa, ki zagaya gefen da wuƙa kafin ki kife. Ki rubuto mana awon da kika yi amfani da shi mu duba tare. Amma yau dai, kafin magariba, ki fitar da burbushin nan daga roba ki baza shi ya sha iska.