Tambayi Likita: Ɓarayi Sun Tafi, Tsoro Ya Zauna

Tambaya: Likita, mako uku ke nan da 'yan fashi suka haura mana katanga da tsakar dare, suka kwashe wayoyi da kuɗi da babur. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, ko kyanwa ce ta taka kwanon rufi sai gabana ya yanke ya faɗi. Mai kemis ya ba ni ƙwayar barci ina sha. Yanzu na ƙudura neman lasisin bindiga. Wai da gaske ne ana duba lafiyar mutum kafin a ba shi? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, ina yi maka jaje, Allah Ya mayar da alheri. Abin da kake ji ba rauni ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Jikin da ya ga tashin hankali yakan ci gaba da gadi ko bayan haɗarin ya wuce: zuciya na bugawa, kunne a buɗe, barci sama-sama. Ga mafi yawan mutane abin yakan lafa cikin 'yan makonni. Idan ya zarce wata guda kana mugun mafarki, ko kana ganin abin kamar yanzu yake faruwa, ko ka kasa fita neman abinci, to ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kware ta jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Ƙwayar nan ita ta fi damuna. Idan diazepam ce ko danginta, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da irinta don firgita ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Tana kama jiki, tana kuma sa mutum ya farka cikin magagi. Tunda ka ɗauki kwanaki kana sha, kada ka yanke ta lokaci guda. Kai ta wurin likita ya rage maka a hankali.

Batun lasisi kuwa, gaskiya ne. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta raba makamai gida-gida: irin na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta irin mai baki biyu tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Na san a 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin kare kai, amma gwamna ba shi ke sa hannu ba.

Shawarata ita ce ka dakata. Mutumin da motsin kyanwa ke zaburarwa, ga ƙwayar barci a jikinsa, ga kunamar bindiga a kusa da yatsansa, wa kake ganin zai fara cin karo da shi a tsakar gida ƙarfe biyu na dare? Galibi ba ɓarawo ba ne. Ɗansa ne da ya yi dare a waje, ko mai ɗakinsa ta fito zagayawa. Ka fara da ƙofar ƙarfe da sakata mai ƙwari, fitilar sola a zaure da bayan gida, lambobin makwabta da na 'yan sintirin unguwa a wayarka. Idan barci ya dawo, sai ka sake auna maganar da idon basira.

Tambaya: Maigidana yana da bindigar farauta mai lasisi. Tun da ɓarayi suka shigo mana ya daina kulle ta, yana jingine ta bayan ƙofa da harsashi a ciki. Ga yara huɗu, kuma ɗanmu mai shekara 7 ya koma fitsarin kwance. Daga uwar yara a Zariya.

Amsa: Hajiya, fitsarin kwancen nan tsoro ne yake magana. Kada a doke shi, kada a bar 'yan'uwansa su yi masa waƙa. Ki rage masa ruwa da daddare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ki bar masa 'yar fitila. Idan ya yi tambaya kan daren, ki amsa masa a taƙaice da gaskiya. Sai dai in yana kukan zafi wajen fitsari, ko yawan ƙishirwa da rama, a gwada fitsarin a asibiti.

Bindigar bayan ƙofa ba ta jiran gobe. Yaro ya fi babba sanin lungunan ɗaki, kuma jan kunne ba ya hana shi taɓa abin da ya ga babansa na ji da shi. A cire harsashi, a kulle bindiga a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle, makulli a jikin maigida. Ki tuna masa cewa doka ta ɗora amanar ajiyar a wuyansa, har ta ce idan aka sace ko ta ɓata ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisi cikin kwana 14. Idan kin ga ya shiga ƙunci, yana furta cewa ya gaji da rayuwa, ki samu yayansa ko wani babba da yake jin nauyi, a fitar da bindigar daga gidan a miƙa wa 'yan sanda ajiya, shi kuma a kai shi asibiti.

Tambaya: An harbi makwabcinmu a cinya, muka tsaya neman takardar 'yan sanda kafin asibiti. Me ya kamata mu yi? Daga wani matashi a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, jini ba ya jiran takarda. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani.

Kafin a isa, a naɗe ƙyalle mai tsabta a danne raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, a ɗaure tamau da ƙyalle mai faɗi, a tazarar kamar yatsa uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a rubuta lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai a asibiti. Ban da tonon harsashi, ban da zuba toka, ƙasa ko man birki. Ban da ruwa ko abinci, domin wataƙila tiyata za a shiga. A tuna da allurar tetanus.

Tambaya: Na harba bindiga cikin ɗaki don korar ɓarayi, yau kwana biyar kunnena na ƙugi. Daga Alhaji a Azare.

Amsa: Alhaji, ƙarar harbi ɗaya tak cikin rufaffen ɗaki tana iya fasa dodon kunne ko lalata jijiyar ji. Kada ka ɗiga mai ko ruwan albasa, kada ruwan wanka ya shiga. Ka ga likitan kunne cikin makon nan, musamman idan jinka ya ragu ko akwai jiri, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko.