Takardar gidan tana da sunan mamaci, in biya ko in dakata?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a nan Damagaram. Shekara 11 ina tari, yanzu dillali ya nuna mini gida a unguwar Karkada, ciki uku da falo, miliyan 9 na sefa. Mai sayarwa babban ɗan marigayin ne, takardar meri, wato ofishin magajin gari, kuma sunan mahaifinsu ke kanta. Ya ce zai miƙa mini ita hannu da hannu, mai unguwa ya sa hannu da shaidu huɗu. Dillali ya ce in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a don wani Alhaji ma yana so. Wallahi na kasa barci.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Ka dakata, kada ka ba da ko dala kafin Juma'ar nan. Wancan Alhajin da ke so, kusan kowane ciniki sai dillali ya ambace shi. In gidan tsarkakakke ne, mako biyu na bincike ba zai ɓata shi ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne maganar "zai miƙa mini takarda". Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda takardar fili ke cikin akwatinsa shi ne mai gida. Wannan fahimtar ta tsiyata magidanta masu yawa. Takardar meri, wadda muke kira akt da sesiyo, kwafi ce ta abin da ke rubuce cikin babban kundin ofishin filaye na magajin gari: sunan lotisma (yankin da aka yanka filaye), lambar ilo (rukunin filayen), harafin farsal (filin kansa), faɗin murabba'in mita, da sunan wanda aka ba. Muddin ba a sauya suna a wancan kundi ba, a idon hukuma gidan na marigayin ne da magadansa, ko ka shekara 20 a ciki, ko ka zuba dakali ka ɗora bene.

Ka ga yadda abin ke lalacewa. Ka biya, ka karɓi takarda, ka ajiye ƙarƙashin katifa. Wani daga cikin magada ya je ya ba da sanarwar ɓatan takarda, ya nemi a yi masa wata. Tun da sunan ubansa ne a kundi, shi ke da bakin magana, kai ba a san da kai ba. Ya sayar wa wani, wancan ya yi sauyin suna. Ranar da kuka haɗu gaban alƙali, shi yana riƙe da takarda mai sunansa, kai kana riƙe da mai sunan mamaci da wata 'yar takarda da aka rubuta a zaure. Shaidunka huɗu fa? Ɗaya ya rasu, ɗaya yana Agadas, biyu sun ce sun ga an ba da kuɗi amma ba su san ko sauran magada sun yarda ba. Kuma gaskiya suka faɗa.

Sa hannun mai unguwa yana da daraja, ba na raina shi. Yana tabbatar da cewa an yi ciniki a gabansa, ya kuma san tarihin gidajen unguwarsa fiye da kowa, don haka ka je ka gaishe shi ka tambaye shi. Amma ba ya riƙe da kundin meri, ba shi da ikon cire sunan wani ya sa naka. Duk dillalin da ya ce maka "haka kowa ke yi, zuwa meri ɓata kuɗi ne", la'adarsa yake kallo. In rigima ta tashi ba za ka gan shi a kotu ba.

Sai maganar gado, wadda ta fi komai nauyi a cinikinka. Kasancewarsa babban ɗa bai ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa ba. Akwai matan marigayi, akwai 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu a Mirriya ko Magarya, wataƙila akwai marayu ƙanana, wataƙila akwai wanda ke ci-rani a Libiya bai ma san ana ciniki ba. Ka nemi takardar kotu mai jera sunayen magada duka, da takardar zaman iyali wadda kotu ta amince da ita, wadda ta naɗa wakili ta kuma ba shi izinin sayarwa. In ya ce "ai mun yi magana a gida, kowa ya yarda", to mai yarda ba ya ƙin sa hannu. Ka tuna kashedin da Allah ya yi a Suratun Nisa'i kan masu cin dukiyar marayu, ka kuma tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne da rubutawa da kafa shaidu. Gidan da za ka yi salla a cikinsa, ka tarbiyyantar da 'ya'yanka, bai kamata a ce akwai haƙƙin wata baiwar Allah a harsashinsa ba.

Ga yadda za ka bi. Ka ga takardar asali da idonka, kada ka yarda da fotokofi, domin wani lokaci asalin tana banki a matsayin jingina. Ka ɗauki lambar ilo da farsal ka je ofishin filaye na meri da ƙafarka, ba ta hannun dillali ba, a duba maka kundi. Ka ɗauko mai awon fili ya gano duwatsun iyaka, ya tabbatar gidan da aka nuna maka shi ne a takarda, kuma katangar ba ta ci titi ko filin da aka keɓe wa makaranta ba. A yi cinikin gaban noter, wato masanin shari'a mai ikon tabbatar da takardun ciniki, kuɗi su bi ta banki, a fara sauyin suna nan take. Daga nan ka nemi titir fonsiye, wato takardar cikakkiyar mallaka, a ofishin kadastir mai kula da awo da rajistar filaye. Tun 2006 akwai mai sauƙi da ake kira Sheda. Titir fonsiye shi ne takardar da ta fi kowace ƙarfi, ita kuma banki ya fi yarda da ita.

Ginin kansa, ka duba gindin katanga: in ka ga layin danshi ko sabon yaɓen siminti daga ƙasa zuwa gwiwa, ruwa na kwanciya a wurin. Daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa gini. Ka tambayi maƙwabta, musamman mata, kwana nawa famfo ke zuwa a bazara da nawa suke ba 'yan garuwa. Ka duba ko masai ya samu zurfi, don garinmu a kan dutse yake. Ka kuma nemi rasit na ƙarshe na wutar NIGELEC da na ruwa kafin ka karɓi makulli.