Baƙon da ya san ranar husufi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce jarumin labarinka zai hau na'ura ya koma tsohon zamani, zuwa Nainawa, babban birnin daular Assuriyawa a Iraƙi ta yau, ya faɗi daren da wata zai yi husufi, mutane su ɗauke shi abin bauta. Kana tambaya ko al'adarsu za ta yarda da haka. Ba za ta yarda ba.

Dabarar faɗin daren husufi ta yi wa Kolumbus, matafiyin teku daga Turai, aiki a tsibirin Jamaika a 1504, don mutanen wurin ba su da littafin lissafin da ke hannunsa. Fadar Nainawa kuwa cike take da masana taurari. Suna duba sama dare da dare, suna rubutawa a allunan yumɓu, suna aika wa sarki rahoton watan da ake sa ran husufi. Ka ga jaruminka ya kai wa mai rijiya ruwa.

Kuma a wurinsu abin bauta gunki ne a ɗakinsa. Sai an yi masa bikin wanke baki kafin a ce ya rayu, ana yi masa sutura, ana kai masa abinci safe da yamma. Mutumin da ke gumi, yana cin tuntuɓe da harshensu na Akkadiya, iyakarsa a ce masa boka.

Ga inda nake so ka tsaya. Wani husufin, a fassararsu, yana nufin sarki zai mutu. Sai su samo wani mutum su sa masa kayan sarauta, su ɗora shi a karaga, su ba shi mace ta zama sarauniya, a karanta masa munanan alamun don su koma kansa. Sarki na gaskiya ya ja gefe, har a wasiƙu "manomi" ake kiransa. Wa'adin ba ya wuce kwana 100. In ya cika, a kashe na kan karagar da matar, a yi masa jana'iza ta girma, sarki ya dawo kujerarsa. An yi haka fiye da sau ɗaya a mulkin sarkinsu Esarhaddon, daga 681 zuwa 669 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, baƙo marar dangi da ya zo yana maganar husufi, wa ya fi shi dacewa da wannan karagar? Bari su tarbe shi hannu bibbiyu, su naɗa shi, ya ɗauka dabararsa ta ci. Sai ka sa wani magatakarda ya riƙa ƙirga kwanaki a gabansa, shi kuwa bai san me ake ƙirgawa ba, na'urarsa kuma tana kulle a taskar haikali.