Shugabanni biyu a jam'iyyar LP: a hannun wa zan yanki fom ɗin takara?

Tambaya:

Barista, barka da aiki. Ni malamin sakandaren gwamnati ne a jihar Kaduna, kuma na daɗe a harkar ƙungiyar malamai. Na shiga jam'iyyar Labour (LP) gab da zaɓen 2023 saboda ina ganin ita ce ta ma'aikata. Yanzu mutanen mazaɓarmu sun matsa min in fito takarar majalisar dokokin jiha a 2027. To amma a ƙaramar hukumarmu shugabannin jam'iyya biyu ne, ɗaya na ɓangaren Abure, ɗaya na ɓangaren Nenadi, masu jayayya kan shugabancin jam'iyyar na ƙasa. Kowa na cewa shi Kotun Ƙoli ta bai wa gaskiya, kowa kuma yana buga nasa katin. Wanne zan bi? Zan iya shigar da ƙara a tantance mana shugaban gaskiya? Sannan akwai ɗan majalisar da muka sha rana a kansa, ya koma wata jam'iyya. Doka ta yarda ya tafi da kujerarmu?

Amsa:

Malam, barka kadai, Allah ya taimaka. Zan fara da maganar ƙara, domin a nan ne 'yan siyasa suka fi zubar da kuɗinsu.

Ga yadda rikicin ya taso. A watan Maris na 2024 ɓangaren Julius Abure ya yi babban taro a Nnewi, ya sake zaɓensa shugaba. Hukumar INEC ba ta amince da taron ba, ta ce wa'adin shugabannin ya ƙare a watan Yunin shekarar. A watan Satumba Gwamna Alex Otti na Abiya ya tara jiga-jigan jam'iyyar a Umuahia, aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Sanata Nenadi Usman, wadda 'yar jiharku ce. Abure ya je Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yi nasara a watan Oktoba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar masa a Janairun 2025. Ranar 4 ga Afrilu, 2025 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci. Dalilinta shi ne, tunda asalin rigimar ta shugabancin jam'iyya ce, harkar cikin gida ke nan, kuma kotunan ƙasa ba su da hurumin ayyana wani a matsayin shugaba tun farko.

Nan ne kowa ya samu abin riƙewa. Mutanen Nenadi suna cewa ƙararsu ce ta yi nasara, kuma an janye hukuncin da Abure yake tsaye a kai. Mutanen Abure suna cewa kotu ta ce ba ruwanta, don haka taron Nnewi yana nan daram. A karatuna hukuncin ya fi yi wa Abure illa, domin abin da ya tilasta wa INEC mu'amala da shi umarnin kotu ne, kuma umarnin ya faɗi. Sai dai hukuncin bai ɗauki hatimin jam'iyya ya danƙa wa kowa ba.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Tun shari'ar Onuoha da Okafor a 1983 Kotun Ƙoli ta ce ba aikin alƙali ba ne ya zaɓa wa jam'iyya ɗan takara. Ta maimaita haka a 2003 a rikicin takarar gwamnan Jigawa a ANPP tsakanin Bashir Dalhatu da Saminu Turaki. Saboda haka idan ka je kotu yau a matsayin ɗan jam'iyya kawai, kana neman a bayyana maka wane ne shugaba a ƙaramar hukumarku, lauyan ɗaya ɓangaren ba zai ma taɓa gundarin maganarka ba. Zai miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, ya ajiye wa alƙali hukuncin Afrilu, kuma mai yiwuwa a kori ƙarar, a ɗora maka kuɗin ɓata lokaci. Ban ba ka shawarar wannan ƙara ba.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe ƙarama ce. Sashe na 84(14) na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka maye gurbinta a 2026, ya ba mai neman takara damar zuwa Babbar Kotun Tarayya idan an saɓa wa doka ko ƙa'idojin jam'iyya wajen fidda gwani. Amma sai wanda ya shiga zaɓen fidda gwanin da kansa, kuma wanda uwar jam'iyya ta ƙasa ta shirya. Ka tuna abin da ya faru da CPC a Katsina a 2011. An yi fidda gwani kashi biyu, na ɓangaren Yakubu Lado Ɗanmarke da na ɓangaren Aminu Bello Masari, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, daga ƙarshe ta ce ba ta da hurumin tantance wanne ne na gaskiya cikin biyun. Ma'ana, wanda ya ci fidda gwanin ɓangaren da ba shi ne uwar jam'iyya ba a idon hukuma, ko wurin kai kuka ba shi da shi.

To wa za ka bi? Ni a matsayina na lauya ba zan tambaye ka wanda ya fi gaskiya ko ya fi kishin ma'aikata ba. Tambayata ita ce: sa hannun wa INEC take karɓa? Najeriya ba ta da takarar indifenda. Sashe na 106 na kundin tsarin mulki ya ce dole jam'iyya ce za ta tsayar da kai. INEC kuma ba ta karɓar suna daga shugaban jiha, balle na ƙaramar hukuma. Ta intanet ake shigar da sunayen 'yan takara, kuma lambar sirrin shiga shafin shugaban jam'iyya na ƙasa da sakatarensa ake bai wa. Duk wanda ba ya riƙe da wannan lamba, ko ya cika filin wasa da jama'a ya ɗaga hannunka, sunanka ba zai hau takardar ƙuri'a ba.

Kada ka dogara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp. Ka duba shafin INEC inda take jera jam'iyyu da sunayen shugabanninsu. Ka kuma rubuta wa hukumar takarda ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ka tambayi waɗanda take mu'amala da su a matsayin shugabannin LP na ƙasa da na jihar Kaduna. Doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Amsar tana iya canzawa idan wani sabon hukunci ya fito, don haka ka sake tambaya gab da sayen fom. Sannan ka duba duk zaɓen da ya riga naka, kamar na cike gurbi da na gwamnonin Ekiti da Osun a 2026, ka ga ko sunan LP ya fito a jerin ƙarshe, kuma ta hannun wa ya shiga.

Haɗarin da ya fi damuna a kanka shi ne a wayi gari babu ɓangaren da ya tsira. A 2019 APC ba ta da ɗan takarar gwamna ko na majalisa a jihar Ribas saboda rigimar ɓangarori. Na Zamfara ya fi ciwo. An yi zaɓe, APC ta cinye komai, sai ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin fidda gwani ba, ƙuri'unta duka sun tafi a banza. Gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da 'yan majalisar jiha 24 suka rasa kujerunsu rana ɗaya, kwana biyar kafin ranar rantsar da gwamna. Da yawa cikin waɗannan 'yan majalisar jiha ba su da hannu a faɗan manya. Sun sayar da gonaki da motoci, sun yi kamfen, jama'a sun zaɓe su, sannan laifin wasu ya ci su. Jam'iyya mai mulki ke nan, mai manyan lauyoyi.

Idan ka yanke shawarar ci gaba a LP, takardu ne garkuwarka. Ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar mambobi ta ɓangaren da INEC ta sani, domin dokar 2022 ta ce a miƙa wa hukumar rajistar kwana 30 kafin fidda gwani, kuma kati a aljihu ba ya maye gurbin suna a rajista. Kuɗin fom ka biya ta banki cikin asusun da ke ɗauke da sunan jam'iyya, ka karɓi rasit. Kada ka ƙirga wa kowa tsabar kuɗi a falonsa, ko da amininka ne. Jam'iyyu kan rubuta cewa kuɗin fom ba a mayarwa, amma wanda ya karɓi kuɗinka alhali ya san ba shi da ikon tsayar da kai, kana iya binsa a kotu, kuma rasit ne zai yi maka magana. Ka nemi ganin takardar sanarwar da aka aika wa INEC, wadda dokar 2022 ta ce a ba da ita aƙalla kwana 21 kafin taro, in babu ita taron ya ɓaci. Ranar fidda gwani ka lura ko jami'an INEC sun zo, ka ɗauki hoton takardar sakamako a wurin, washegari ka nemi kwafin rahotonsu mai hatimi. Majalisa takan taɓa dokar zaɓe kafin kowane babban zaɓe, don haka waɗannan kwanaki ka sa lauyanka ya gwada su da dokar da ke aiki da jadawalin INEC na lokacin.

Akwai adadi ɗaya da ke cikin kundin tsarin mulki kansa, sashe na 285(9): kwana 14. Idan aka yi maka ƙwace a fidda gwani ko aka musanya sunanka, cikin kwana 14 daga ranar da abin ya faru za ka shigar da ƙara. Ka ƙirga har da ranar kanta, da Asabar da Lahadi. Abin da na fi gani shi ne dattawan jam'iyya su ce a yi haƙuri ana sulhu, a kafa kwamiti, a ɗage zama sau biyu, kafin mutum ya farga wa'adi ya wuce, kuma babu alƙalin da ke da ikon ƙara masa ko yini ɗaya. Ka shigar da ƙara a makon farko, sulhu ya biyo baya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi magana da lauya tun kafin ranar fidda gwani.

Batun aikinka kuma, ina roƙonka ka yi taka-tsantsan. Zama ɗan jam'iyya haƙƙinka ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati da shi a shari'ar INEC da Balarabe Musa. Amma sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin ranar zaɓe. Jerin sunayen 'yan takara yana fitowa watanni kafin wannan lokaci. Don haka kada ka yi gaggawar miƙa takardar ajiye aiki saboda ɗokin magoya baya. Ka karanta ƙa'idojin fidda gwani na jam'iyya da dokokin aikin jiharku tukuna, domin wani lokaci sukan nemi a ajiye da wuri. Idan suka nemi haka alhali ba a san mai riƙe da lambar INEC ba, albashinka da fanshonka kake sakawa a caca.

Ɗan majalisarku da ya sauya sheƙa: sashe na 68(1)(g) ga na tarayya, da na 109(1)(g) ga na jiha, sun ce kujerarsa ta faɗi, sai fa idan rabuwar kai a jam'iyyar ko haɗewarta da wata ce ta kore shi. Shari'ar da ake kafa hujja da ita ma daga LP ta fito. Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Ondo, ya bar LP zuwa ACN yana cewa jam'iyya ta rabu a jiharsa, a 2015 Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa ba, sai wadda ta raba shugabancin ƙasa, ya rasa kujerarsa. Rigimar Abure da Nenadi kuwa a sama take, don haka mai tafiya yana da hujja mai ƙarfi. Kiranye yana nan a doka, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu an kuma tantance su, kuma ka ga yadda na Dino Melaye ya rushe a matakin tantancewa a 2018. Ban ga ribar kashe ƙarfinku a nan ba.

Saura maganar ko akwai nasara, wadda ba ta doka ba ce zalla, amma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Peter Obi, ɗan takarar shugaban ƙasa na LP, ya samu ƙuri'a miliyan 6.1 a 2023, ya ci Legas da Abuja da Filato da Nasarawa, a Kaduna kuma ya samu kusan 294,000. Makonni uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, ɗan takarar gwamna na LP a Kaduna bai kai 60,000 ba, kuma a duk ƙasar Abiya kaɗai jam'iyyar ta ci. Zaɓen majalisar jiha a wannan rana ta biyu ake yinsa, ranar da babu hoton ɗan takarar shugaban ƙasa da zai ja maka jama'a. Abin da ke aiki ranar shi ne wakili a kowace rumfa da shugabannin gunduma masu magana da murya ɗaya, kuma su ne farkon abin da rigimar shugabanci take cinyewa. Mu a arewa mun taɓa gani. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, ta rabu Santsi da Taɓo, hukumar zaɓe ta FEDECO ta tsaya a kan ɓangaren Malam Aminu Kano, dole Abubakar Rimi ya nemi inuwar NPP a 1983, ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo duk da farin jininsa. Abin yana min ciwo, domin ƙasar nan tana bukatar jam'iyyar da malami da lebura za su kira tasu.

Saboda haka ka sa wa kanka ranar yanke hukunci. Ka duba lokacin fidda gwani a jadawalin INEC, ka ja baya da wata biyu, ka ce idan zuwa ranar ba a samu shugabanci ɗaya da hukuma ta amince da shi a rubuce ba, za ka zauna da mutanenka ku zaɓa tsakanin wata jam'iyya da haƙura da wannan zagaye. Idan tafiya ce, ka rubuta takardar fita zuwa ga shugaban gundumarka, ka ba kowane ɓangare kwafi a sa maka hannu, ka shiga rajistar sabuwar jam'iyya kafin a miƙa ta ga INEC. Kada ka bari sunanka ya fito a jam'iyyu biyu, domin sashe na 35 na dokar 2022 ya soke takarar duk wanda ya yarda aka tsayar da shi a wuri biyu.