Shokozobar Baya ta Tsohon Babur: Mai Araha Tana Yi, Amma Sai An Auna

Wasiƙun wannan makon sun haɗu a kan shokozobar baya ta tsofaffin babura, irin waɗanda ke da guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar Honda CG125 na da, da Roadmaster, da Yamaha YB100, da Suzuki A100. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya daga Zariya: "Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Ina da Honda CG125 tun ina aiki. Inji lafiya lau, amma in na faɗa rami sai bayan ya yi ta rausaya da ni, in dawo gida da ciwon ƙugu. A shago an nuna mini shokozoba kala uku, mai tsadar ta ninka mai arahar kuɗi. Fansho ba yawa. In ɗauki mai arahar?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Za ka iya ɗaukar mai araha ka ji daɗinta, kuma ka yi sa'ar babur. CG125 ya fito kasuwa tun tsakiyar shekarun 1970, har yau ana ƙera shi a Pakistan, kamfanonin Sin kuma sun kwaikwaye shi ba adadi, don haka kayansa ba sa wuya. Abin da nake roƙonka shi ne kada farashi kaɗai ya yi maka zaɓi.

Abu biyu ne a cikin shokozoba. Akwai sifirin da ido ke gani, shi ke ɗaukar nauyinka da na babur. Sannan akwai bututun da ke tsakiya, cike da mai, da sandar ƙarfe mai shiga da fita. A ƙarshen sandar akwai fistin mai ƙananan ƙofofi, kuma dole man ya bi ta cikinsu duk lokacin da taya ta motsa, kamar yadda ake tace gasara a ƙyalle, ruwan ba ya wucewa lokaci guda. Wannan jinkirin shi ke hana sifirin wurgi da kai bayan an haye rami. Rausayar da ka kwatanta alama ce man ya tsiyaye ko ya mutu, sifirin ya rage shi kaɗai. Masu yin ta banza kuwa a nan suke rage kuɗi, domin mai saye ba ya ganin ciki. Sifirin zai yi ƙyalli, bututun kuma kusan fanko.

Kafin ka je kasuwa, ka sa makanike ya kafe babur a kan jak ɗin tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa. Ya kama tayar ya jijjiga ta dama da hagu. In ta yi wasa, matsalar tana iya zama bushin na ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ko boris na tayar, ko sifok da suka saki. Sabuwar shokozoba ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu, kuma gyaransu ya fi araha. A duba iskar taya ma, domin masu faci da yawa kan cika ta har ta zama dutse.

In ta tabbata shokozobar ce, tayar tana sama ɗin nan sai a auna tsawonta da tef, daga tsakiyar ramin sama zuwa tsakiyar ramin ƙasa, a milimita. Na irin waɗannan babura yawanci suna tsakanin 280 da 360, kuma bambancin 20 kacal yana sauya zaman babur. A dubi bakin ƙasa: wasu zobe ne, wasu kuma baki biyu ne da ke rungumar ƙarfen, kuma ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya. A auna faɗin ramin bushin, ko 10 ne ko 12. A duba kaurin sifirin, kada ya riƙa gogar murfin sarƙa ko salansa. Mafi sauƙi, ka cire tsohuwar guda ɗaya ka tafi da ita shagon, a jera su a kan kanta.

A shagon kada ka ji nauyin gwadawa. Ka kafa ƙasanta a kan katako, ka danna da nauyin jikinka, ka saki. Mai kyau za ta dawo a natse, ba ƙara. Marar kyau za ta zabura ta buga "kas" a ƙarshe, ko ka ji ta lotsa fayau kafin ta fara riƙewa, alamar iska ta yi yawa a cikin man. Ka gwada duka biyun, ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ka leƙa sandar ta tsakanin sifirin: santsi ake so, ba tabon tsatsa, ba danshin mai. Ka dubi waldar zoben. Ka danna robar bushin da farce, in ta yi tauri kamar ƙashi ba za ta yi wata uku ba ta farfashe. A cikin ukun da aka nuna maka, wadda ta ci wannan jarrabawa ita ce taka, ko da ita ce mai arahar. A ganina ta tsakiyar ce ta fi yawan cin ta, amma hannunka ne zai faɗa maka.

Wani zai ce a sa maka ta Bajaj Boxer, mai sifirin biyu ɗaya cikin ɗaya, tunda tana ko'ina kuma tana da ƙarko. Gaskiya ne tana da ƙarko, amma an yi ta ne don ɗan acaɓa mai goyo da kaya. Kai da kake hawa kai kaɗai zuwa masallaci da kasuwa, taurinta zai iya ƙara maka ciwon ƙugun da kake gudu, kuma ba lallai tsawonta ya zo daidai da na CG ba.

Tambaya daga Maraɗi: "Yaya, na gaji Yamaha YB100 daga babana, ina gyara shi. Na ga wasu shokozoba masu ruwan zinariya da 'yar kwalbar gas a gefe, ba tsada. Ina so in sa masu tsawo don bayan ya ɗaga. Me ka gani?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka more abin da ya bari. Kwalbar nan a shokozoba ta gaske tana da aiki. A cikinta akwai iskar naitirojin da aka raba da mai, tana danne man don kada ya yi kumfa in ya yi zafi a doguwar gargada. Yin wannan da kyau yana cin kuɗi. In ka ga mai kwalba da farashin da bai wuce na gama-gari ba, sau da yawa kwalbar ado ce, wata ma ba ta da hanyar da ta haɗa ta da bututun. Wasu kuma an yi su ne don babura masu nauyi, YB100 kuwa ɗan ƙaramin babur ne, sai ka ji kamar babu sifirin sam. Ga shi kwalbar kan tokari kariyar ɗora kaya ko murfin gefe.

Maganar ƙarin tsawo ita ta fi damuna. In bayan babur ya ɗaga, gaban ya sunkuya, kan ya ƙara saurin juyawa, a kan yashi ko da gudu sai ya riƙa rawa. Sarƙa kuma ta fi ɗaurewa ne lokacin da ƙaramin sifoket, da mahaɗar ƙarfen baya, da gatarin taya suka zo layi ɗaya. Doguwar shokozoba tana nesanta su daga wannan layin in babur yana tsaye, makanike ya ga sarƙa ta yi sako-sako ya ɗaure ta, kai kuma da ka hau ka faɗa rami sai ta miƙe tam. Daga nan sai cin sifoket da boris, wata rana ta tsinke. Sandar birkin baya ma saitinta na sauyawa, jak ɗin tsakiya kuma ya daina ɗaga taya. In dole sai ka ƙara, kada ka wuce milimita 10, kuma a sake saita sarƙa da birki kana zaune a kai. Ni dai shawarata ka bar shi a tsawonsa na asali, ka sa kuɗin ƙyallin a taya mai kyau.

Tambaya daga Kaduna: "Ina da Honda Roadmaster CD185 da nake so in mayar da shi yadda ya fito. Ɗana yana Ingila, ya ce zai iya aiko mini da shokozoba. Wane suna zan ce masa? Ko ɓarnar kuɗi ce?"

Alhaji, ba ɓarna ba ce in babur ɗin na ajiya da marmari ne, kuma ka yi niyyar riƙe shi shekaru. Tunda ɗanka yana Ingila, sunan farko shi ne Hagon. Alf Hagon, tsohon ɗan tseren babur, shi ya kafa kamfanin, kuma a shekarun 1980 suka karɓi aikin shokozobar babur na Girling, wadda ita ce kan zo a jikin Triumph da BSA da Norton na da. Abin da ya sa nake son su shi ne sukan tambayi samfurin babur, da nauyin mai hawa, da ko yana ɗaukar goyo, sannan su zaɓi sifirin da ya dace. Suna kuma yin masu siffar da, har da masu murfi, waɗanda ba za su ɓata wa Roadmaster kamanni ba. A cikin masu suna, nasu na daga cikin masu sauƙin kuɗi.

Akwai YSS ta Tailan, tun 1983 suke wannan sana'a, kuma sun ƙware a kan ƙananan baburan Asiya. Sai dai jabunsu ya yi yawa, don haka a saya wurin dillalin da aka sani. Sama da su a farashi akwai Ikon ta Ostareliya, wadda ta ci gaba da ƙirar Koni ta Holan bayan Koni ta bar yin na babur. Ita ana iya buɗe ta a canja mai da sil, wato robar da ke hana man fita, ana kuma saita saurin dawowarta. Öhlins ta Suwidin, wadda aka kafa a 1976, babu mai musun ingancinta, amma kuɗinta zai iya haura kuɗin Roadmaster ɗin gaba ɗaya, kuma babur mai tafiyar natsuwa irin naka ba zai nuna bambancin ba.

Kada ka tura wa ɗanka sunan babur kawai. Babur ɗin da ya shekara 40 a hannun makanikai ba lallai abin da ke jikinsa yanzu shi ne na asali ba, wataƙila ma an taɓa yi wa maƙalin walda. Ka tura masa tsawo, da hoton bakin sama da na ƙasa, da faɗin ƙusoshin, da nauyinka na gaskiya a kilo. Kayan da suka ƙetare teku suka zo ba daidai ba, mayar da su ya fi sayensu wahala. Tsofaffin na asali kuma kada ka yar, ka wanke ka shafa musu mai ka ajiye, domin duk ranar da za a sayar da babur ɗin mai saye zai tambaye su.

Tambaya daga Gusau: "Ɗaya ce kawai ke yoyo a Suzuki A100 ɗina. In canja ita kaɗai? Wani makanike kuma ya ce zai huda ta ya zuba baƙin mai ya toshe. Ina ɗaukar buhun hatsi ranar kasuwa."

Ɗan'uwa, biyun za ka canja. Sabuwa a gefe guda da gajiyayya a ɗaya gefen suna murɗa ƙarfen baya a kowane rami, su cinye bushin, babur ya riƙa ja gefe a kwana. Hudawa a zuba mai kuwa dabara ce ta kwana kaɗan. Yawancin waɗannan an rufe su ne ruf daga masana'anta, kuma man ya fita ne saboda sil ya mutu ko tsatsa ta ci sandar, don haka sabon ma ta nan zai bi. Baƙin man inji kuma ya yi mata kauri. Haka 'yan Kwatano: sil ɗinsu ya tsufa ko da jikinsu na ƙyalli, sai an yi musu gwajin da na faɗa wa Malam na Zariya.

Tunda kana ɗaukar kaya, ka nemi mai matakala a ƙasan sifirin, yawanci hawa biyar. Matakalar ba ta ƙara wa sifirin tauri, tana ɗaga zaman babur ne don kada ya zauna ƙasa da nauyi. Ga yadda za ka gane daidai. Taya tana sama, a auna daga notin gatari zuwa wani wuri a jikin firam da ke daidai samansa. Ka sauke babur ka hau, ƙafafunka a kan mataka wani yana riƙe da kai, a sake aunawa. Bambancin ya kama milimita 20 zuwa 30. In ya wuce haka a hau mataki ɗaya, dama da hagu daidai wa daida. Ranar kasuwa ka ƙara hawa ɗaya ko biyu, ka mayar in ka sauke kaya. In ka kai matakin ƙarshe amma har yanzu taya na gogar madigadi, sifirin ya yi maka laushi ko kayan sun yi wa A100 yawa, kuma buhu mai kilo 100 ya fi ƙarfin abin da aka ƙera shi ya ɗauka a kariya.

Wajen ɗaurawa a yi ɗaya bayan ɗaya, kada a cire biyun tare ƙarfen baya ya faɗi. Bututun mai ya kasance a ƙasa, sandar a sama, sai fa in masu ita sun ce akasin haka, domin irin waɗannan in an kifa su sukan daina riƙewa. In ramin bushin ya fi ƙusa faɗi a sa 'yar silibar ƙarfe da ta cike shi, kada a naɗa roba ko gwangwani. A mayar da washa ciki da waje. Notin kuma kada a ɗaure su tam sai an sauke babur wani ya zauna a kai, don kada robar bushin ta kwana a murɗe. Bayan mako guda ka sake bin notin huɗun da sifana, ka shafa yatsa a sandar ka ga ko akwai danshi, domin in za ta yi yoyo a farkon nan take nunawa, lokacin da mai shago bai manta fuskarka ba kuma rasit yana aljihunka.